Ranar da Malama Tsaye Ta Ƙi Ɓoye Yaranta

Shekara tara na yi ina koyarwa a ajin da ke jikin nata. Bango ɗaya ya raba mu, bangon kuma bai kai rufi ba, don haka ba abin da ta faɗa a shekarun nan da ban ji ba, har tarinta. Yara ne suka raɗa mata Malama Tsaye, saboda ba wanda ya taɓa ganin ta zaune a aji. Ba wai ba ta gajiya ba ne. Kujerarta yara biyu ta bar wa, teburinta kuma huɗu ke rubutu a kai, uku a ƙarƙashi.

Aji uku take riƙe da shi. Ɗakin na yara arba'in aka gina, amma a shekarar da nake magana ɗari da goma sha huɗu ne a rajistarta. Kiran suna kaɗai yakan ci minti ashirin. Bencin mutum uku, shida ne a kai, kowa na rubutu gwiwar hannun ɗan'uwansa na sukar haƙarƙarinsa. Na can jikin bango kuwa ba allo suke kallo ba, ƙeyar na gabansu suke kallo.

Ita ma a jikin bango ta yi firamare. Babanta direban babbar mota ne, sai ya yi wata ba ya gida, mahaifiyarta kuma ba ta yi boko ba. Har ta shiga aji biyar ba ta iya haɗa baƙi ba. In ana karatun baki ɗaya sai ta riƙa motsa leɓe tare da kowa, kuma ba malamin da ya taɓa lura. Yayanta ne ya gano, ranar da ya miƙa mata takardar magani ta karanta wa innarsu, ta tsaya tana jujjuya ta. Bai dake ta ba. Kullum bayan la'asar sai ya zaunar da ita a bakin ƙofa da tsohon littafinsa, cikin wata uku ta fara karanta allunan shaguna. Takan ce kanta bai canza ba a wata ukun nan, kawai dai ta sami wanda ya dube ta ne.

Shi ya sa duk mai motsa leɓe ba ya tsere mata. Kowace Litinin sai ta juya layi, na baya su dawo gaba. Littattafai kuwa kashi-kashi take tafiya da su gida a buhu, ashirin yau, ashirin gobe. Mijinta mai gyaran firij ne, yakan yi mata tsiya cewa shi mace ɗaya ya aura aka haɗa masa da ɗakin karatu. Duk da haka yaro sai ya yi mako kafin jan bironta ya taɓa littafinsa, lokacin kuskuren ya riga ya zauna masa. Ta taɓa yi min lissafi a jikin allo: darasi minti talatin da biyar ne, in an raba wa yaranta, kowa zai tashi da sakan goma sha takwas. Ta ce ko gaisuwar kirki ba ta shiga sakan goma sha takwas.

A zangon farko na shekarar ta daina zuwa ofishin malamai lokacin hutun tara. Sai ta tsaya a baranda ta riƙa kiran yara ɗaya-ɗaya, ta ba kowa jimla ɗaya ya karanta. Mako shida ta yi. Talatin da ɗaya ne suka iya. Ta rubuta sunayen kowa da abin da ya iya, ta kai wa hedimasta tare da takardar roƙon a raba ajin biyu. Takarda ta bakwai ke nan. Hedimastan ba mugu ba ne, dattijo ne da ya rage masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma ba ya son abin da zai ɗaga masa hankali kafin nan. Ya yaba da ƙoƙarinta, ya sa takardar a aljihun tebur.

Wata Litinin ya tara mu ya ce ran Alhamis masu duba makarantu za su zo. Kowane malami ya zaɓi yara arba'in da biyar, masu tsabta, masu buɗe baki, sauran a ce musu babu makaranta ranar. Ya ce ba yau aka fara ba, kuma rufin asirinmu ne gaba ɗaya. Muka gyaɗa kai, har da ni. Ita ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Yallaɓai, ni ban da wanda zan ce wa ya zauna a gida."

Ya ce kwana ɗaya ne tak. Ta ce kwana ɗayan ne kaɗai wani zai zo ya gan su. Ya tuna mata cewa sunanta na cikin waɗanda ake sa ran ƙara wa girma. Ta ce ta sani. Bayan an tashi na ja ta gefe na ce, Yaya, ki rufa mana asiri, ki bi yadda kowa ya bi. Ta dube ni ta tambaye ni wanne daga cikin 'ya'yana uku zan yarda a ɓoye in baƙi sun zo gidana. Amma ran Laraba na zaɓi arba'in da biyar ɗina.

Ita kuwa ran Laraba na ji ta ta saman bango tana ce musu gobe kowa ya zo, mai takalmi da marar takalmi, kuma duk wanda ya san maƙwabcinsa na fashi ya biya ya taho da shi. Ɗari da goma sha ɗaya suka zo.

Baƙin uku ne, shugabarsu wata mata mai tabarau. Suka shiga ajina suka ga yara uku-uku a benci, suka yaba. Da suka fito, hedimasta ya yi ƙoƙarin wucewa da su, ya ce aji uku suna gwaji, bai kamata a katse su ba. Kafin ya rufe baki Malama Tsaye ta buɗe ƙofa ta yi musu sannu da zuwa, ta ce su shigo. Matar ta sa ƙafa ɗaya ta tsaya, don ba inda za ta ajiye ta biyu. Yara suka yi ƙoƙarin miƙewa su gaishe ta, wani benci ya kife.

Malama ba ta kira yaro ko ɗaya ya yi karatu ba, ta ce ba za ta kunyata kowa ba. Kwafin sunayen nan ta miƙa. Matar ta duba, ta ɗago, ta tambaya cikin ɗaure fuska me malamar ajin take yi har talatin da ɗaya kacal suka iya karatu.

"Hajiya, ga alli. Ki taka ki je wajen yarinyar can ta jikin bango, ki duba littafinta, ki dawo. In kin yi kafin a kaɗa ƙararrawa, ki rubuta cewa laifina ne, zan sa hannu."

Matar ba ta karɓi allin ba. Ta juya ta ce hedimasta ya kawo rajistar kowane aji. A nan asirinmu ya tonu. Ni casa'in da takwas ne a tawa, aka tambaye ni ina sauran, na ce ba su da lafiya. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Washegari aka ba ta takardar neman ba'asi kan rashin ɗa'a a gaban baƙi. Ta amsa da layi huɗu, ta maƙala takardunta bakwai na baya. Malamai suka daina amsa gaisuwarta da kyau, wata ma ta ce mata ta ji daɗi, ta zubar mana da mutunci. Ƙarin girma ya fito babu sunanta. Mijinta ya ce ko ta je ta ba da haƙuri, ta ce ya faɗa mata abin da za ta ce ta yi, ita ba ta gano ba.

Da aka dawo hutu sai ga ma'aikata sun kwashe karyayyun bencina daga sito, an shafa masa fenti an mai da shi aji, an turo sabon malami. Aka raba ajinta gida biyu, ta tashi da hamsin da bakwai. Sauran azuzuwan, har da nawa, aka ce mu jira. A zangon nan na ji muryarta ta sauko, ta daina ihu. Na ji tana kiran yara da sunansu tana tambayar jikin kakar wannan, tana ce wa wancan jiya ma a nan ya yi tuntuɓe. A ƙarshen zango ta sake tsayuwar baranda, arba'in da huɗu suka karanta jimlarsu. Yarinyar jikin bango na ciki.

Zango ɗaya kawai ta ci a haka. Takardar canjin wurin aiki ta zo, aka tura ta wata makaranta a ƙarshen gari, mota biyu take hawa kafin ta isa. Ba a faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Mukan yi waya. Yara casa'in da shida ta tarar a can. Ta ce labarinta ya riga ta isa, don ranar farko sabon hedimasta ya zaunar da ita ya yi mata doguwar nasiha a kan haƙuri da zaman lafiya. Ta saurare shi har ya gama, ta yi godiya, sannan ta tambaye shi me ke cikin ɗakin nan da ke kulle a ƙarshen baranda, kuma makullin na hannun wa. Bai ba ta ba tukuna. Ta ce ba komai, ofishinsa a kan hanyar ajinta yake.