Kayan Loretta Sun Bushe

A shagon wankin unguwarmu a garin Trenton, wata mata tana zaune gaban injin busar da kaya, sanye da rigar masu jinyar tsofaffi. Ta zare takalmi ɗaya, ƙafar ta kumbura. Cacar intanet take yi a waya, kuma ko ta ci ko an cinye ta, fuskar ba ta motsi. Ina jin nan kaɗai take samun zama ba mai kiranta.

Injin ya tsaya. Ta miƙe da ƙyar, ta taɓa zannuwan gadon da ke ciki, sun bushe ƙayau. Sai ta mayar da murfi, ta sake kunna shi.

Dattijon da ke kula da shagon ya leƙo. "Loretta, gasa su za ki yi ki ci?"

"Baba Alvin, ƙyale ni. Alkawari na yi wa 'yata, injin na tsayawa zan ajiye wayar."

"Ai ya tsaya."

"Yanzu a tsaye yake?"

Tana komawa kujera sai ga kiran 'yar. Ta daɗe tana kallon sunan kafin ta ɗaga.

"Na kusa, 'yar nan," ta ce a hankali. "Da sauran danshi."