Dabon Karta da Gefen Gwiwar Sakiusa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyenmu, ko bai riƙe fuskar Sakiusa ba, to ya sha yangonarsa, saiwar nan da ake dakawa a dama da ruwa a sha, mai kashe jiki. Shi ke nomanta a tudun bayan gari, tare da gwaza da 'yar ayaba, shi ke dakanta, shi kuma ke zama a bakin babban akushi yana dama wa maza idan an idar da aiki. Ya ba sittin baya, maganarsa sai an tona. Hannunsa kuwa kada ka so ka gani, adda ta ci rabonta, yawan shan yangona kuma ya busar da fatar har tana saɓa fari-fari kamar bayan ƙadangare. Shi ko a jikinsa, cewa yake hannun namiji ke nan.

Abin da ya mallaka da yake ji da shi guda ne, jikarsa Sala. 'Yar ɗansa ce, iyayenta na aikin otal a birnin Nadi, suka bar masa ita tun tana rarrafe. Gurbinta sananne ne, gefen gwiwarsa ta hagu, a maƙure ƙasa-ƙasa, domin shi da kansa ya koya mata cewa yaro ba ya ɗaga kai sama da na manya. Nan take zama ana hira har barci ya kwashe ta. Ko karen gidan ya san ba a kwanciya a wurin.

Sai ga Peniasi. Taubashinsa ne, abokin wasa tun suna tsirara a bakin teku, kuma shi ne kakan Sala na wajen uwa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa baƙi abin sha a otal-otal na Nadi, ya dawo da tumbi da turare da surutu. Kirsimetin bara ya sauka daga jirgin ruwa, bayan an ci abinci ya zaro karta daga aljihu, ya sa Sala ta zaɓi ɗaya, ya cusa ta tsakiyar sauran a gaban idon kowa, ya kaɗa yatsa, sai ga ta a sama. Ya sake cusawa, ta sake hawowa. Yarinya ta saki baki, ta miƙe tsaye a tsakiyar manya, ta manta duk tarbiyyar da aka yi mata.

An ce kishi kumallon mata ne. To wanda ya faɗi haka bai ga Sakiusa ba. Peniasi ya koma Nadi amma ya bar sunansa a bakin yarinyar, Tutu Peni kaza, Tutu Peni kaza, safe da yamma, Tutu kuwa shi ne kaka a yarenmu. Sakiusa ya sassaƙa mata ɗan kwalekwale, ta ce ya yi kyau ta ajiye. Ya nuna mata yadda ake zaro ƙaguwa daga rami, ta tambaye shi ko Tutu Peni zai iya sa ƙaguwar ta ɓace. Ranar nan tsaki ya yi ta ja har ya isa gida. Ana cikin haka ɗansa ya bugo waya, wai sun yanke shawara, Kirsimeti mai zuwa za a tambayi Sala da bakinta, ko ta ci gaba da makarantar ƙauye, ko ta koma Nadi gidan Peniasi. Sakiusa ya ce to, Allah ya kai mu, ya ajiye wayar, abinci ya ƙi shiga.

Matarsa Miliakere ce ta gaji da ƙwafarsa. Ta ce masa abin da yake ta cin ransa a kai ba tsafi ba ne, wasan yara ne, cike yake a cikin waya, ita ma da take neman waƙoƙin coci ta sha cin karo da shi. Ya ce shi ba ɗan caca ba ne da zai riƙe karta da furfurarsa. Washegari sai ta nemi wayarta ta rasa.

Waya ba ta kama intanet a ƙauyenmu sai a kan tudu, daidai gonarsa. Can ya zauna a gindin kwakwa, da sabuwar karta da ya aika aka sayo masa a garin Savusavu a ɓoye, yana kallon wani Bature mai hannu sumul-sumul yana bayani da Turanci kamar ana korarsa. Da ƙyar ya gane. Ashe duk abin da ya hana shi barci, kati biyu ne ake ɗagawa a haɗe kamar ɗaya. A nuna na ƙasa, a mayar, a cusa na sama a tsakiya, wanda aka zaɓa yana nan bisa bai je ko'ina ba. Sakiusa ya yi dariyar takaici shi kaɗai. Yanzu da wannan 'yar ƙaryar Peniasi zai raba shi da jikarsa?

Gane abu daban, yin sa daban. Yatsunsa sun bushe ƙamas, in ya nemi biyu sai biyar su taso, ko duk su zube cikin ganyen gwaza. Ita kanta wayar ba ta jin yatsansa, sai ya lasa kafin bidiyon ya tsaya. Ya shafa man kwakwa, karta ta jiƙe ta manne, aka sake aikawa Savusavu. Miliakere ta dubi hannun ta ce masa gaskiya ɗaya ce, muddin yana shan yangona fatar nan ba za ta yi laushi ba.

Sa kai ya fi bauta ciwo. Sakiusa, mai noma ta, mai dama ta, ya daina sha. Yana zaune a bakin akushi yana miƙa wa kowa ƙoƙo, in zagaye ya zo kansa sai ya ce cikinsa ne. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce likita ya gano masa mugun ciwo, wasu suka ce ya koma sabon cocin nan da ke haramta yangona, har limamin cocinmu ya tako gida ya yi masa nasiha. Gwaza ta yi ciyawa, shi yana gindin kwakwa yana ɗaga biyu kamar ɗaya, yana hango fuskar Peniasi a ransa yana cije leɓe. Da damina ta kankama fatar ta sake, yatsu suka fara jin gefen kati. Ya gwada wa Miliakere daga inda take tsaye a bakin murhu, ta rantse ba ta ga komai ba.

Kirsimeti ta zo, Peniasi ya zo da ita, da rigarsa mai furanni. Aka buɗe ramin gashi, aka ci alade da gwaza da kifi a madarar kwakwa, da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a rumfa aka dama yangona. Iyayen Sala na gefe. Ita kuma tana gurbinta, ta jingina da gwiwar kakanta. Kafin Peniasi ya kai hannu aljihu, Sakiusa ya zaro tasa kartar daga ƙugun zanensa. Rumfa ta fashe da dariya.

Peniasi ya riƙe ciki ya ce, "Taubashi, da wannan kofaton naka? Ajiye kada ka ji wa takardar mutane ciwo."

Sakiusa bai kula shi ba. Ya baza karta, Sala ta zaɓi wata ja, ya mayar, ya riƙe su a hannun hagu ya sa ɗan ƙaramin yatsa ya ware biyun sama yadda Baturen ya koyar. Sai ya dubi ƙasa. Idon yarinyar na daidai ƙarƙashin hannunsa, tana leƙen tsagar da yatsan ya buɗe. Shi Baturen kullum daga gaba yake nuna abin, Miliakere ma daga gaba ta gani. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wanda ke jingine da kai ba ya ruɗuwa.

Peniasi ya gani, tsohon hannu ne. Ya rage murya, ba wasa a cikinta wannan karon, ya ce, "Turo ta nan wurina. Daga inda take ba ta ganin dabo."

Sakiusa ya ji kamar ya watsa masa kartar a fuska. Amma idon jama'a na kansa, ga wahalar shekara guda a hannunsa. Da bakinsa ya ce wa Sala ta tashi ta koma can. Ta rarrafa ta tsallaka tabarma, Peniasi ya ɗora ta a cinya.

Abin kuwa ya fita tsaf, a ba shi haƙƙinsa. Ya nuna jar, ya cusa a tsakiya, ya kaɗa yatsa, ta hau sama. Ya sake, ta sake hawowa. Maza suka yi ta tafi, Miliakere ta rangaɗa guɗa daga cikin mata. Sala ta yi ihu, ido waje, irin kallon nan da ya yi shekara yana mafarkinsa. Ya buɗe hannu yana jira ta rugo. Sai ta juya ta rungume wuyan wanda take zaune a kansa ta ce, "Tutu Peni, ashe kai ka koya masa!"

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Peniasi ya ce a'a, ya rantse, ya sake rantsewa, amma wa zai yarda da rantsuwar taubashi? Dariya kawai aka yi. Yarinya ta gyara zama a cinyarsa tana roƙon in sun je Nadi ita ma ya koya mata. Ba a ma kai ga tambayarta ba, ta riga ta ba da amsa, uwarta tana ta murmushi.

Sakiusa ya tattara kartarsa a hankali ya soke a ƙugu. Ya dubi gefen gwiwarsa ta hagu, tabarmar wurin ta ɗan lotsa saboda zaman shekaru. Zagayen ƙoƙo ya zo kansa, mai rabo ya yi niyyar tsallake shi kamar yadda aka saba. Sakiusa ya tafa hannu yadda ake yi kafin a karɓi ƙoƙo, da hannun nan da ya yi laushi, ya ce a cika masa.