Hujjar da Ban Tambaya Ba

Duk shekara ina koya wa sababbin ɗalibai a Wudil rubutun muhawara da Turanci: faɗi matsayinka, kawo hujja, gyara jimlarka, sannan ka ba abokin jayayyarka sakin layi guda. Wannan na ƙarshen ba a aji na fara jin sa ba. A Lajawa ne, wurin kakata Iya Abu, wadda ban samu yin sallama da ita ba.

Bayan magariba takan tura karan dawa a murhu, mu kewaye ta muna ɓarar gyaɗa. Ita ba ta rufe tatsuniya, jefo mana take yi mu kaure da gardama. Akwai ta wata tsohuwa da ta kwanta ciwo. Ɗanta guda ya zauna yana yi mata fifita, ɗayan ya ƙetare koguna neman magani, ya dawo ya tarar har an share makoki. To, wa ya fi sonta?

Ni da bakina ba ya mutuwa, nan take nake tsaya wa matafiyin. Yayata Ladidi, mai sanyin magana, ta tsaya wa na gida. Sai Iya ta ɗaga muciya.

"Dakata, angona sarkin surutu. Faɗi na Ladidi tukuna, har ta ce haka take nufi. Sannan mu ji naka."

Nakan faɗi nata a gurguje don in samu in kayar da ita.

Ina aji biyu a jami'a, wata Talata, Ladidi ta kira ni ta ce jikin Iya ya yi tsanani, in zo. Na jero mata hujjoji tsaf: jarrabawa jibi, Iya ta sha tashi daga irin wannan, ita kanta za ta fi son in ci. Ladidi ta fara magana na katse ta, sai ta yi mini fatan sa'a. Har daɗi na ji, wai na yi nasara. Laraba da hantsi Iya ta cika, ina nan kusa, tafiyar da mota ɗaya ta isa.

Abin yana ci mini rai har yau. Na iya tsara magana, ban iya sauraro ba. Sai bayan shekaru na yi ƙarfin halin tambayar Ladidi me za ta ce a ranar, da na bar ta ta ƙarasa.

Ta ce, "Ni ba ni da wata hujja, Sale. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta tambaya ko kai ne."