Uwar Sanyi da Mai Gyaran Firji

Uwar Sanyi, kamar yadda ake kiranta a masana'antar magunguna, ta taso ba ta ga maciji da sanyi. Tana yarinya, ko yayyafi aka yi sai ta duƙunƙune cikin zanen mahaifiyarta tana kakkarwa. Shi ya sa ranar da ta dawo gida ta ce ta samu aiki, kuma ɗakin sanyi aka damƙa mata, yayyenta suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

"To me ake ajiyewa a ciki?" in ji Inna. "Kifi?"

"Abinci ne, Inna, amma ba na mutane ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kiwo cikin manyan tankuna, ido ba ya ganinsu. Su ke samar da maganin. Ni zan riƙa adana ruwan da suke rayuwa da shi."

Inna ta jinjina kai. "Kiwo dai ke nan. Allah ya sa albarka."

Ruwan nan ja-ja ne garau, kamar na kankana, yana zuwa cikin robobi da manyan jakunkunan leda. Tsirfa gare shi. Ba ya son zafi, ba ya son haske, kuma in ya daskare ya tashi aiki. Kullum da safe sai ta saka rigar sanyi, ta ɗaure gashinta cikin hula, ta sa takunkumi da safar hannu, sannan ta tura ƙofar nan mai kauri. Takan bi kanta-kanta tana ɗaga robobi a hankali. Wadda ta fara komawa rawaya ko ta yi duhu-duhu, gefe. Wadda ta riga shigowa ita ke riga fita. A hankali aikin ya shiga ranta, har ƙugin injin sanyaya ɗakin ya zame mata abokin hira.

Wata rana ana tsakar zafi, ƙugin ya ɗauke ɗif, ƙararrawa ta hau kuka. Ta kira shugaban sashensu, aka taru da amalanke ana kwashe kaya zuwa ɗakin sanyi na ginin baya, an lulluɓe su da baƙin ƙyalle. Kowa na haɗa gumi. Ana cikin haka sai ga mai gyaran da aka kira, wani dogo siriri da jakar kayan aiki a kafaɗa. Yana isowa ya tokare ƙofar da ƙafa zai ja waya.

"Malam, ka shiga ka rufo, ko ka fito ka rufo," in ji ta. "Ƙofar nan ba ta zama a buɗe."

"Haba Malama, ni da na zo taimako?"

"Rufewar ma taimako ce."

Ya kalle ta, idanu kawai yake gani saman takunkumi, ya yi dariya ya shige ya rufo. Kafin la'asar inji ya tashi. Masu gwaji suka auna ruwan suka ce lafiya lau, ban da 'yan robobin bakin ƙofa da aka zubar. Waɗannan sun daɗe suna yi mata ciwo a rai.

Daga ranar, injin da ya shekara bai yi ko tari ba ya zama kullum sai an zo dubawa. Abokan aikinta suka sa ta gaba da tsiya.

"Uwar Sanyi, ga likitan injinki can ya sake zuwa. Anya injin ne ba shi da lafiya?"

Ba a rufa shekara ba aka ɗaura musu aure. Suka kama gida mai ɗaki biyu a wani lungu bayan tashar mota, suka haifi 'ya'ya mata uku. Shi mutum ne mai surutu, ita kuwa ba ta cika magana ba, sai zaman ya yi daidai. Yakan gaya wa abokansa cewa a gidansa ko ruwa za ka ɗauka a firji sai ka yi shawara da zuciyarka tun kafin ka buɗe. Babbar 'yarsu ta gado shi, tun tana makaranta take kwance fanka ta mayar.

Da shekaru suka ja, gwiwoyinta suka fara ƙorafi. Aka mayar da ita ɗakin da ake ɗumama ruwan kafin a kai tankuna, inda ake jera robobi cikin bahon ruwan ɗumi har su dawo daidai zafin jiki. Ta yi kewar kantocinta na ɗan lokaci, sannan ta saba.

Shi kuma yanzu ya buɗe shago a bakin titinsu. In ta taso aiki nan take yada zango, ta zauna kan benci tsakanin matattun firji, ta cire takalma.

"Maman yara, yau ya aiki?"

"Alhamdulillahi. An kawo sabon kaya, marfin sai ka yi da gaske. Dubi hannuna."

Ya kama hannun yana dubawa kamar wani abin gyara. Sai ga wani mutum ya turo firiza a baro yana haki, yana cewa naman sayarwarsa zai lalace. Maigidan ya miƙe yana laluben sukuddireba a aljihu, ita kuwa ta jawo kofin shayin da ya bari, ta shanye abinta.