Rubutu a Goshi

Wata Lahadi ce ta damina, ranar kasuwar Jibiya, ƙarfe goma da kwata na safe. Mu uku ne a ƙaramin asibitinmu da ke kusa da shingen iyaka na Magama: ni malamin jinya, da ungozoma, da dattijon da ke mana gadi. Sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofa, jini yana ɗiga ta ƙasan bodi. 'Yan bindiga ne suka tare 'yan kasuwa a hanyar Riko, suka buɗe musu wuta.

Mutum huɗu aka sauke. Biyu sun riga sun cika. Na uku harsashi ya ɗauke masa kunne, yana ta tambayar ina hularsa. Na huɗu ɗan dako ne daga jihar Maradi, na san shi da ɗaukar buhunan gero a shinge. Harsashi ya fasa masa babbar jijiyar cinya, jini yana tsartuwa daidai da bugun zuciyarsa. Na ɗaure saman raunin da robar tib ɗin taya, na sa guntun icce na murɗa har tsartuwar ta tsaya. Ya yi ƙara ɗaya ya suma.

Irin wannan ɗauri yana tsare rai, amma in ya daɗe sai ya kashe ƙafa. Likitan fiɗa yake buƙata, ga shi sojoji sun rufe hanyar Katsina ana artabu. Saura Maradi, iyaka kuwa a rufe take a lokacin.

Da can ba ma ko gaisawa da ma'aikatan lafiya na tsallaken iyaka. Rigakafin shan inna ne ya fara haɗa mu. Su suna ɗiga wa yara ta can, mu ta nan, kowa yana shafa tawada a ɗan yatsan yaro don a san an ba shi. Da firijinmu ya mutu, babban malamin jinyarsu, wanda suke kira manjo, ya aiko mana da ƙanƙara. Shekarar amai da gudawa muka rama da ruwan ƙari.

Sai wata rana suka turo mana wani manomi da aka sara da adda, hannunsa a ɗaure, takardar bayani a aljihun rigarsa. Jini ya jiƙe ta ta zama kamar kunu. Ba wanda ya san tun yaushe aka ɗaure, muka ji tsoron kwancewa. A Katsina aka yanke hannun. Bayan haka ni da manjo muka zauna a gindin darbejiyar shinge, muka shirya cewa daga ranar ba sauran takarda a aljihu: duk wanda ya yi ɗauri ya rubuta lokacin a goshin mai rauni, da alƙalamin tawadar rigakafi, don gumi ba ya goge ta. Sai daga baya manyanmu suka sa hannu a yarjejeniya.

Na ɗauki alƙalamin na rubuta 10:25 a goshin ɗan dakon, na buga wa manjo waya.

"Ɗan Ingila, yau kuma me ka ɓata?" in ji shi, da sunan da mutanen tsallake suke tsokanar mu da shi.

"Cinya ce, manjo. Babbar jijiya."

Wasan ya fita daga muryarsa. Ya tambaya ko na rubuta, na ce na rubuta. Ya ce in kawo shi shinge, motarsu tana tafe.

A amalanke muka tura shi, ni da mai gadi, ungozoma tana riƙe da ledar ruwan ƙari sama da kanta. Jami'in da ke shinge ya ce umarni umarni ne, ko akuya ba ta wucewa.

"Yallaɓai, dubi goshinsa, ka dubi agogonka," in ji mai gadi. "Ƙafarsa ce ke tafiya."

Jami'in ya duba, sannan ya juya mana baya yana gyara igiyar takalminsa. Muka tura amalanken ta ƙarƙashin ƙarfen shinge, manjo da ya riga ya iso ya cafe ta, suka sa shi a motarsu.

Ƙarfe goma sha biyu saura kaɗan aka kwance ɗaurin a ɗakin fiɗa a Maradi. Bayan girbi ɗan dakon ya dawo da ƙafafunsa biyu, yana ɗingishi. Bai ƙara ɗaukar buhu ba, goro yake sayarwa a gindin darbejiyar.