Ba-Shiga, Mai Wankin da Ya Kori Motoci

A gyara zama, jama'a. Mai tari ya yi abinsa yanzu, mai waya ya kife ta. Ga sarkin kumfa nan tafe, barden baho, mai dutsen gugar da bai san sanyi ba, dodon direbobi, namijin da ya tari motocin gari guda da bokiti ɗaya kuma ya ga bayansu. Kawuna ke nan, yayan mahaifiyata, mai wanki da guga a babban titin tsakiyar gari, wanda yaro da babba suka sani da Ba-Shiga. In kun gan shi za ku ce ƙarya nake. Ɗan tsamurarren tsoho ne da singileti, wando a naɗe zuwa gwiwa, yatsu duk sun yamutse saboda ruwan sabulu, ga wani tari da ke riga shi shiga ɗaki.

Abin da Kawu ya nema a duniya bai taka kara ya karya ba. So yake ya shanya fararen kaya a ƙofar shagonsa da safe, ya kwashe su da yamma suna nan farare. Shi ke nan. Wani mulki yake nema, wani gidan sama, shi wannan ce tasa, kuma a kanta ya ƙarar da ƙarfinsa.

Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani tsohon bene. Teburin guga ya cinye rabi, bahuna da famfo sun cinye saura, in mutum biyu za su gifta sai ɗaya ya tsuke ciki. Babu fili a baya, babu hanyar hawa rufi, don haka shanya sai a gaba: igiya daga ƙarfen taga zuwa turken wutar lantarki da ke bakin titi. Titin kuwa suna kawai ya tara. Tun ina yaro ban taɓa ganin mota ta yi gudu a kansa ba. Rarrafe suke, hancin wannan a gindin waccan, tun hantsi har faɗuwar rana, kowa ya danne hon kamar hon ne zai ɗaga ta gabansa. Mutum na iya kiran mai takalmi ta taga, ya gwada, a yi ciniki, a ɓata, a shirya, motar ba ta motsa ba. Duk hayaƙin da suke fitarwa kuwa kamar aiko shi ake wurin farar riga. Ya sauka a kwala, ya kwanta a kafaɗa, kafin rana ta raba rigar da ta sha bula ta koma ruwan toka. Kawu ya sauke, ya sake ɗauraya, ya sake shanyawa. Wanki ɗaya aka kawo masa, biyu yake yi.

Matarsa, Inna, takan ce masa, "Kai da ko taba ba ka taɓa kaiwa baki ba, ga shi kana zuƙar ta gari guda kyauta."

Shi ba ya ɗaukar abin da wasa. Da ya ga salansar mota ta saiti shanyarsa zai fito da kumfa har gwiwar hannu.

"Kai mai bas! Kawar mini da gindin motarka!"

"Baba, in kai ta ina? Sama?"

"To kashe ta mana, tunda ba tafiya kake ba."

"In na kashe, kai za ka tura?"

Fasinja su kwashe da dariya, Kawu ya kwashi ruwan ɗauraya ya watsa wa taya. Da masu gaggawa suka fara hawowa gefen masu ƙafa suna bi ta ƙarƙashin igiyarsa, har wani ya tafi da zanin gadon mutane a madubinsa, sai Kawu ya samo murfin tsohon akwati, ya ce in rubuta masa BA SHIGA da jan fenti, tunda a cewarsa ai an ɓata mini takalma a hanyar makaranta. Na rubuta. Harafin ƙarshe bai samu wuri ba, ya sauko ƙasa shi kaɗai. Allon bai hana ko keke wucewa ba, amma ya ba Kawu suna.

Ana nan sai hukumar gari ta kira taron masu shaguna, wai ana shawarar rufe tsakiyar gari: mota ta tsaya a waje, mutane su shigo da ƙafa ko da dogayen bas da za su riƙa zagayawa ta gefe. Zauren ya cika, kowa ransa a ɓace. Maƙwabcin Kawu, mai katifa, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce wa zai ɗora katifa a ka ya taka har tasha? Aka yi masa tafi. Sai ga Kawu ya miƙe daga baya, ya zaro farar riga daga leda, ya ɗaga ta sama. Ya ce da safen nan ya wanke ta, ya ce a duba kwalarta. Ya ce abin da ke jikin rigar nan shi ne a ƙirjin kowa a zauren, sai dai ƙirji ba a shanya shi a gani.

Mutanen hukuma kamar su goya shi. Suka zagaye shi da kyamara, suka ce ya sake ɗagawa, ya ɗan karkato, ya daina murmushi. Maƙwabta kuwa suka daina amsa gaisuwarsa. A hanyar komawa mai katifa ya tare shi.

"Ba-Shiga, masu kawo maka wankin nan da ƙafa suke zuwa?"

"Mai son farin kaya zai tako."

"To Allah ya ba mu rai. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho."

Ba zan ce rigar Kawu ce ta rufe titin ba, don daga baya na gane sun gama yanke shawara tun kafin su buga takardar gayyata. Amma an rufe. Aka kafa turakun ƙarfe a bakin titi ta kowane gefe, aka kankare kwalta aka jera duwatsu masu ado, aka kawo bishiyoyi a manyan tukwane, aka dasa bencina. A mashiga aka kafa wani ƙaton allo: Kawu ne riƙe da rigarsa, fuska a murtuke, an rubuta a ƙasa cewa iska mai tsabta haƙƙin kowa ce.

Safiyar farko ina wurin. Shiru har kunne na ƙaiƙayi. Kawu ya shanya duk wani fari da ke shagon, har waɗanda ya riga ya goge ya sake jiƙa su, har labulen Inna ya sa aka ciro daga gida. Ya jawo kujera ya zauna yana sauraron ruwa na ɗiga daga bakin riguna, abin da ya ce bai taɓa ji ba tunda ya kama shagon. Da yamma ya kwashe. Ya duba kwala, ya duba kafaɗa, ya kai hanci ya shinshina. Ya dai ninke rigar nan a hankali kamar mai shimfiɗa jariri.

Daɗin bai daɗe ba. Maganar mai katifa ce ta fara tabbata: masu sauke gilashi su miƙo ƙullin wanki ba tare da sun taka ƙasa ba suka ɗauke ƙafa, ko in ce suka ɗauke taya. Kawu ya ce ba komai, gara kaɗan mai tsabta. Sai ga wani saurayi da falmaran mai ƙyalli, irin waɗanda aka zuba su kula da sabon titi, ya tsaya yana kallon igiya.

"Sannu da aiki, Baba. Wannan fa?"

"Shanya ce. Ba a yi a gidanku?"

"Ana yi, amma ba a nan ba. An hana. Titin nan yanzu na masu shan iska ne, baƙi na zuwa ɗaukar hoto. Ba za a zo a tarar da gajeren wandon wani yana lilo ba."

"Ɗana, ɗaga kanka ka dubi allon can. Wane ne a jiki?"

"Kai ne, Baba. Ai shi ya sa ban yanke ta ba, na ce ka kwance da hannunka."

Kawu ya je ofishin hukuma da wankakkun kayansa na fita. Waɗanda suka ɗauke shi hoto an ce sun koma wani aikin. Wanda ya tarar a teburin ya saurare shi yana danna waya, sannan ya ba shi shawara kyauta: ya sayi injin busar da kaya, ai yanzu zamani ya wuce igiya. Ko da an ba shi injin sadaka, sai dai ya fitar da teburin guga ya sa shi.

Haka shanya ta koma cikin ɗaki. Igiyoyi suka sarƙe a sama, ruwa na ɗigo masa a ƙeya yana guga, kaya su kwana su wuni ba su bushe ba, in sun bushe su fito da warin danshi. Ga iska tas a ƙofa, ga rana tana zuba a kan duwatsun ado ba mai amfani da ita sai kyanwa. Kawu yakan tsaya a bakin ƙofa da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ya dubi hagu ya dubi dama kamar ɓarawo, ya ɗan baza ta a bayan kujera. Da ya hango falmaran ya fizge.

Sai ɗan mai benen ya zo, wanda Kawu ya wanke wa kayan makaranta tun yana fitsarin kwance. Ya rusuna har ƙasa, ya gaida shi da ladabin da na san akwai magana a bayansa.

"Baba, ai kai ka gyara mana titin nan, Allah ya saka da alheri. Wurin ya yi daraja yanzu. Sai dai ka san ya wuce wanki."

Wasu ne suke son ɗakin, za su riƙa sayar da kayan sanyi, su jera tebura da lema a waje. Na tambaye shi ko lema ba ta ɓata hoto. Ya ce ai lema ado ce.

Ranar tashi, da yake mota ba ta shiga, a amalanke muka loda teburin guga da bahuna. Ni ina turawa, Kawu na riƙe da dutsen guga a hannu kamar za a ƙwace, Inna na biye da ƙullin kayan mutane a ka. Muka ratsa titin daga wannan kai zuwa wancan, masu shan iska a bencina suna ɗage ƙafa mu wuce, wata ma ta ɗauke mu a waya. Mai katifa, wanda ya riga mu tashi da daɗewa, ban san wa ya gaya masa ba, sai ga shi jingine da turken ƙarfe yana jiranmu.

"A'a, Ba-Shiga! Ashe har da kai a ba shigar?"

Kawu ya gyara riƙon dutsen gugarsa. Muka wuce ta ƙarƙashin ƙaton allon nan mai hotonsa.

Motocin nan da aka kora ba mutuwa suka yi ba, matsawa suka yi. An yi musu wani makeken fili a bakin gari, inda kowa ke ajiye tasa ya hau bas, kuma duk cunkoson da ya bar tsakiya can ya tare, har da ƙari. A bayan katangar filin nan ne kaɗai Kawu ya samu rumfar da zai iya kamawa. Wurin shanya kam sai wanda ya gaji, ba mai falmaran, ba mai hoto. Masu mota sun dawo masa, har sun fi da, suna sauke gilashi suna miƙo ƙulli. Da safe su shigo a jere, da yamma su tayar da inji gaba ɗaya, hayaƙi ya tsallako katanga ya sauka inda ya saba sauka. Kawu ba ya fita da bokiti yanzu. Ba ya ma ɗaga kai.

Rannan na je na same shi yana tara ruwa a baho. Wani mai mota ya tsaya ya miƙo leda. Kawu ya buɗe, ya ware masu launi gefe, ya mayar da fararen riguna cikin ledar ya miƙa masa.

"Ba na karɓar fari."

"Haba Baba, ai don fari aka kwatanta mini kai."

"Da ne. Kai wa masu inji."

Mutumin ya ja motarsa yana ƙunƙuni. Ni kuwa in abu ya dame ni baki ne ke buɗewa. Na gyara tsayuwa, na ɗaga hannu sama, na ce, "Kawu, kada ka damu, tarihi ba ya mantuwa! Wata rana za a sa wa titin can sunanka. Za a kawo yara 'yan makaranta a jere, a ce musu, kun ga iskar nan da kuke shaƙa? Wani bawan Allah ne ya wanko muku ita da hannunsa, ya ɗauraye, ya goge, ya miƙa wa gari, bai karɓi ko na gode ba!"

Ya dubi bahon, ya ga ruwa ya tsaya, sannan ya dubi ƙasa.

"Ɗaga ƙafarka," in ji shi. "Ka taka mini tiyo."