Korin Inna, Shekara Hamsin Bayanta

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda mutanen unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Minna suka fi sani da Inna Mai Kori. Yau ni na girme ta nesa ba kusa ba. Na ga jikoki, haƙorana sun fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ko furfurar kirki ba ta yi ba Allah Ya karɓi abinsa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta, amma duk sa'ad da na ɗauki alƙalami sai in ga abin da zan faɗa ƙarami ne a idon jama'a. Garin kori ne fa kawai, wannan na sa wa abinci ƙamshi. To, yau dai zan faɗa, wanda ya ga abin bai kai ya kawo ba ya yi haƙuri da tsohuwa.

Kwanakin baya na leƙa wani shago a nan Sauka Kahuta inda nake zaune, wurin da a zamanin Inna gonakin doya ne da ciyawa. Na ga kori rataye a 'yan ledoji, na sayi ɗaya na farke na shinshina. Launi dai ga shi nan, amma ƙamshin sai an yi ta lalube. Na tsaya ina tunanin abin da Inna za ta ce. Ba za ta yi faɗa ba, don ba halinta ba ne. Za ta murza garin tsakanin yatsunta, ta ɗan taɓe baki, sannan ta tambayi mai shagon cikin ladabi ko garin masara ne aka rina.

Ita a hannun wata Ba'indiya ta koya, matar wani malamin makaranta da aka kawo Minna a farkon shekarun sittin. Matar ta shigo unguwarmu da ƙullin kayan ƙamshi tana neman mai turmi, aka nuna mata gidanmu. Ba Hausa a bakinta, ba Turanci a bakin Inna, amma suka fahimci juna da hannu da hanci. Da suka tashi komawa ƙasarsu, ta bar wa Inna wani ɗan iri mai ƙananan ƙwayoyi da ba mu san sunansa ba, muka sa masa irin Indiya, Inna ta riƙa shuka shi a bayan ɗaki. Abubuwan da babu su a nan kuma ta maye su da namu: masoro, kimba da gyaɗar ƙamshi, waɗanda take saya a wurin Nufawan Bida a kasuwa. Abin da ya fito daga turminta bai zama na Indiya ba, bai kuma zama yajin da muka saba ba. Nata ne ita kaɗai.

Ga yadda take yi. Gangamau, wanda yanzu aka fi kira kurkum, da citta, su shanya su take yi su bushe ƙayau ta farfasa. Sauran kuwa, wato hulba, kanumfari, masoro, kimba, gyaɗar ƙamshi da irin Indiya, kowanne sai ta soya shi shi kaɗai a busasshen kasko, a kan garwashi, ba a kan harshen wuta ba. Idan sun huce a faifai sai a haɗa a turmi da ɗan barkono, a daka, a tankaɗe, a mayar da tsakin a ribɗa. Awo ba shi ne wahala ba, daka kuma ƙarfi kawai yake so. Abin duk yana wurin sauke kasko. Kowane iri yana da ɗan lokacin da ƙamshinsa ke buɗewa, idan an sauke kafin nan gari ya fito lami, idan an wuce ya yi ɗaci. Hulba ta fi kowa rashin haƙuri, ƙiftawar ido ta ishe ta lalata aikin yini. Inna ba ta duban launi a nan, sunkuyawa take yi ta sa hancinta a kan kasko, sai kawai a ga ta sauke.

Wannan sauke kaskon shi ne abin da nake so in koya a duniya, shi ne kuma abin da ba ni da hanyar koya, domin ni ce 'yar fari. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A gidan da Inna ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama da shi a tabarma ɗaya. Alkunya ke nan, kuma ita ce ma'aunin tarbiyyar mace a wurinsu. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta tafi da ni Gwada, can na girma. Sai da ta rasu aka dawo da ni Minna ina budurwa, na tarar da ƙannena uku, duk maza, suna hawa jikin Inna suna sauka yadda suka ga dama. Ni kuwa idan na shigo ta wannan ƙofa, sai wani aiki ya taso mata ta waccan.

Ba ƙiyayya ba ce, kada a fahimce ni a baibai. Tsokar da ta fi kowace girma a kwanona nake samunta, ba tare da na ga hannun da ya sa ba. Amma madafarmu 'yar ƙarama ce, mutum biyu ba sa zama a gaban kasko sai kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Saboda haka ranar haɗa kori ita tana ciki, ni ina tsakar gida riƙe da taɓarya, ƙamshi na fitowa yana iske ni bayan an riga an gama abin da nake son gani.

Mai shiga tsakaninmu ita ce maƙwabciyarmu Maman Ladi, 'yar ƙabilar Gbagyi, Kirista, mace mai baki da dariya. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma kusan kullum tana gidanmu. Inna za ta leƙo daga madafa, ni ina tsaye a gabanta, ta ce, "Maman Ladi, ki gaya wa mai dakan nan ta rage ƙarfi, gari na tashi."

Maman Ladi ta tafa hannu ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Inna, wai mene ne haka? Ga yarinya nan gabanka, shi ba kurma ba ne. Ka gaya masa da bakinka mana! Ni na gaji da zama dan aike a cikin gida daya."

Inna ta kau da kai tana murmushi ta ce, "Ke dai faɗa mata."

A shekarun yaƙin basasa, da kayan gwangwani suka yi wuya a kantuna, sai sunan Inna ya fita. Kukun gidajen manyan ma'aikata suna zuwa da kwalabensu, matan unguwa ba sa dafa shinkafar biki sai da korinta, da Sallah da Kirsimeti turminmu ba ya hutawa. Babanmu, da yake ma'aikacin reluwe ne, har abokan aikinsa ke ba shi saƙo daga wasu tashoshin. Ƙannena kuwa, su da ke da 'yancin zama kusa da ita, ci kawai suka iya. Sau da yawa na tsaya a bakin madafa da tambaya a bakina, sai in ga ta gyara ɗankwali ta juya baya, ni ma kunya ta kama ni in koma ga turmi. Ita tana so ta koya mini, ni ina so in koya, kowa a gidan ya san haka, amma babu wanda ya san ta inda za a fara.

Yanzu idan na ga jikokina mata sun faɗa jikin uwarsu, 'yar farin ma har da jan kumatu, sai in ce da Inna za ta leƙo ta gani da ta nemi zane ta rufe fuska. Wani lokacin kuma in ce anya? Wataƙila tsayawa za ta yi ta daɗe tana kallo.

Bayan an yi mini aure a nan cikin gari, Inna ta kamu da wata mura da ta ƙi tafiya. Daga mura ta koma ciwon kai, fuska ta fara kumbura ta gefe ɗaya. An je asibiti, an sha na gargajiya, wasu suka ce ƙurar barkono ce ta shekara da shekaru. Ta rame, ta daina haɗa kori, masu kwalabe suka gaji da zuwa. Muka ɗauka rashin ƙarfi ne kawai.

Wata rana da rani Maman Ladi ta zo har gidana ta ce Inna na nema na. Na isa bayan azahar, na tarar an hura garwashi, an jera kayan ƙamshi a ƙananan ƙore, ga kujeru biyu 'yan tsugunno a gaban kasko, ɗaya manne da ɗaya. Inna na kan guda. Na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda na saba.

Ta ce, "Shigo ki zauna nan." Idonta na kan kasko. Na waiwaya ina neman Maman Ladi, sai ta ƙara da cewa, "Ke nake nufi."

Na shiga. Na zauna, kafaɗata ta taɓa tata, na ji ƙashi kawai. Ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta zuba hulba ta rage, ta ƙara kaɗan, ta naɗe mini yatsu a kai don in ji nauyin. Haka ta bi da ni iri bayan iri har na riƙe awon. Kada mai karatu ya sa rai, ko a ranar ba ta kira sunana ba.

Da muka zo kan suya ta ce, "Hancina ya mutu. Tun damina ban ji ƙamshin komai ba, ko hayaƙin nan ba na ji. Na ba ki awo, ke kuma ki ara mini hanci. Duk abin da kika ji ki faɗa mini."

Na zuba hulba a kasko ina juyawa, muka sunkuya tare. Ta ce, "Me kike ji?"

Na ce, "Ƙamshi, Inna."

"Wane iri?"

"Kamar gyaɗa ta fara soyuwa."

Ta rufe ido ta ce, "Bai kai ba. Akwai wani da ke biyo bayan wannan. Yana da ɗan zaƙi, kamar..." Ta tsaya tana motsa yatsu tana neman kalmar. Ba ta taɓa buƙatar ba shi suna ba, don haka ba shi da suna. Tana cikin nema na ji ƙauri ya bugi hancina.

Muka zubar muka sake. Wannan karon tsoro ya sa na sauke da wuri, ta tauna ƙwaya ɗaya ta ji taurinta a haƙori ta girgiza kai. Muka sake. Ta tura fuskarta cikin kasko har zafi ya sa idonta hawaye, tana jan numfashi da ƙarfi ko Allah zai sa ya dawo mata sau ɗaya. Na roƙi Maman Ladi, wadda ke tsaye a ƙofa, ta sa mana hanci. Ta ce, "Ni daga bayan katanga nake ji, 'yata. Kafin ya iso wurina, Inna ya riga ya sauke." Haka muka yi ta yi har hulbar ta kusa ƙarewa, garwashi ya zama toka.

Na daka abin da muka samu na tankaɗe, na kawo mata a faifai. Maman Ladi ta yi sauri ta ce, "Kai, ya yi kyau, Inna! Kamar naka sak."

Inna ta ce, "Bari, Maman Ladi. Idona bai mutu ba." Ta baza garin da yatsa, ya yi duhu fiye da nata. Sannan ta ɗago ta dube ni a fuska, ta daɗe tana dubana, ta ce, "Na bari ya yi latti."

 Ba ta ga daminar da ta biyo baya ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Ba na ganin laifinta, ba na ganin na kakata. Abin da aka koya wa Inna shi ne mutunci ta riƙe, ta kuma riƙe shi da gaskiya, ranar da ta ajiye shi saboda ni Allah kaɗai Ya san abin da ta ji. Idan na auna abin da ya rage mini nata, ina da awon a tafin hannuna, ina da yinin nan guda da muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ƙamshin ma yana nan a kaina, ko yanzu aka wuce da shi ta ƙofar gida zan gane shi. Fito da shi daga kasko ne ya gagare ni.

Duk shekara nakan hura garwashi in gwada, jikokina mata na zaune a jikina suna koyo. Wani lokacin in ji kamar na kusa, sai ya kuɓuce. Kullum da ɗan ɗacin nan a ƙarshen harshe. Masu ci suna yabawa, yaran suna cika kwalabe suna raba wa ƙawayensu suna cewa korin Inna ne. Na gaya musu ba shi ba ne, suka ce tsufa ne ke sa ni gardama, kuma ba ni da shaidar da zan kira. Baba ya tafi, Maman Ladi ta tafi, ƙannena duka ukun sun riga ni. Bana kuma na lura sai na matsa sosai kafin in ji kanumfari. Ranar da aka kai ni makwancina, wannan mai ɗacin shi zai zama korin Inna, babu kuma sauran wanda zai ce ba shi ba ne.